Bulon da Ba Ya Amsawa

Ba a tashi injin niƙan Ifeoma daga wurinsa ba. Haka mai unguwa ya yanke a ƙarshen Afrilun 2006, yana tsaye a ɗakin maƙwabcinta, tafin hannunsa a jikin bango, injin kuma yana ta aiki a ɗaya gefen. Ya ce a bar shi inda yake. Abin da ya kai shi ga wannan hukunci wani bango ne da aka ɗora da bulon siminti haɗe da ɓarɓashin tsohuwar taya, irin wanda ba a taɓa gani a Zuru ba, wanda maginin da ya yi aikin ya roƙi a daina ambaton sunansa idan ana zancensa.

Ifeoma ta zo Zuru tana amarya. Mijinta Okechukwu ne ya kafa injin a wata rumfar kwano bayan kasuwa, ya zuba masa gindin kankare, ya yi ta niƙa wa unguwa dawa da masara har Allah ya karɓi ransa. Dangin mijin suka aiko ta tattara yara ta koma kudu. Ta ce ta ji, ba ta tafi ba. Ta koyi wana injin da hannunta, ta koyi ɗaure bel da wasa faranti, ita ke tsayawa tana zuba hatsi daga hantsi har la'asar. A nan ta aurar da 'ya ɗaya, ta kai ɗayar, Amarachi da ake kira Amara, makarantar gaba. In an ce gida, rumfar nan da ɗakuna biyun da ke gefenta take nufi.

Bayan rumfar bangon gidan Saje Dodo ne. Duk shekarun da Saje ya yi a bariki, da waɗanda ya yi a Laberiya da Saliyo, matarsa Keziah ce a gidan, kuma ba ta taɓa cewa uffan game da ƙara ba. Bara ya ajiye kaki ya dawo. Ya dawo da hannayensa da ƙafafunsa, babu tabo ko ɗaya da za a nuna. Sai dai tsohon injin nan mai shan gas yana da wata irin tashi: yakan yi tari guda-guda da ƙarfi kafin ya kama. Ɗakin Saje kuwa shi ne na jikin bangon.

Wata Litinin, bayan mata sun watse, Keziah ta shigo rumfar ba tare da kwano ba.

"Maman Amara, kin san ban taɓa kawo miki ƙara ba."

"Na sani, Mama."

"To yau ma ba ƙara na kawo ba. Jiya a ƙarƙashin gado na sami Saje. Shekaranjiya ya fita ba takalmi, sai a hanyar Dabai aka tare shi." Ta zauna a bencin da ke jikin bango, ta karkaɗe gari daga zanenta. "Mutumin da ya yi golmo saboda ni, ya yi wa ubana noma shekara da shekaru bai ce wash ba. Yau injin niƙa ne ke kwantar da shi a ƙasa."

Ifeoma ta gwada jinkirta tayar da inji sai Saje ya tafi gona, amma rani ne, babu gonar zuwa. Da 'yan'uwansa suka zo daga Dabai suka ga halin da yake ciki, ba su tsaya magana da ita ba, kai tsaye suka wuce wurin mai unguwa. Shi kuma ya ce kafin ruwa ya sauka, ko dai ƙarar ta daina isa ɗakin Saje, ko injin ya koma bayan gari.

Kowa ya san ma'anar wannan. Masu kawo mata niƙa matan unguwa ne da ke ɗauko kwano a ka tsakanin sharar gida da ɗora tukunya, babu wadda za ta taka zuwa bayan gari alhali akwai wani inji a bakin kasuwa. Injin kansa ya tsufa a kan gindinsa, makanikin da ke duba shi ya sha faɗa cewa ranar da aka kwance shi, ranar zai zama ƙarfen awo.

A wannan lokacin ƙaramar 'yarta Amarachi tana gida. Ta gama karatun aikin gine-gine a kwalejin fasaha tana jiran a kira ta bautar ƙasa. Ita ce ta ce a gina bango na biyu a cikin rumfar, tsakanin injin da gidan Saje.

"Da wane tushe?" in ji Ifeoma. "Bangon Saje tsoho ne. Ki haƙa rami mai zurfi a gindinsa, ya zauna mana a ka."

"Ba sai an haƙa ba, in bulon ba shi da nauyi. A kan daɓen rumfar zai zauna." Ta ce a shekararsu ta ƙarshe sun yi gwajin rage yashi a cikin kwaɓin siminti, suna cike gurbin da tayar da aka yayyanka ƙanana. Bulon yakan fito da sauƙin ɗauka, kuma in ƙara ta shige shi takan mutu a ciki, domin roba ba ta miƙa girgiza gaba kamar dutse.

"Taya. A bango."

"Taya, Mama."

"Wannan ne abin da na yi ta niƙa dawa saboda shi?"

Amarachi ta yi dariya, amma ba ta ɓoye mata sauran ba. Ta ce ƙarfinsa bai kai na bulon da aka sani ba, kuma gwargwadon yawan robar, gwargwadon raguwar ƙarfin. Ba zai ɗauki rufi ba, kansa kawai zai ɗauka. Sannan dole a bar fili taƙi guda tsakaninsa da bangon Saje, kada su taɓa juna.

Robar ba ta yi wuyar samu ba. A kasuwa akwai Arzika mai yanka taya yana ɗinka takalma, bayan rumfarsa tsibin guntaye ne da bai san yadda zai yi da su ba. Da ya ji abin da za a yi, ya ce su kwashe har ƙasar wurin, in bangon ya tsaya kuma a gaya masa ya daina wahalar takalmi ya koma gini. Uwa da 'ya suka yi mako suna sarar guntayen a kan kututture har suka koma kamar ƙwayar masara, suka wanke su, suka shanya. Aka ari akwatin buga bulo, aka buga, aka rufe da tsofaffin buhuna ana yi masu ban ruwa safe da yamma kusan wata guda.

Maginin da Ifeoma ta kira Malam Zainulabidin ne, mutumin wajen Jega wanda ya fi shekara ashirin yana gini a Zuru. Shi ya zuba gindin injin tun zamanin Okechukwu. Ya zo da cokalin gininsa a aljihun riga, ya durƙusa ya kama bulo ɗaya da hannu biyu kamar yadda ya saba, ya ɗaga da ƙarfin da ya saba, saura kaɗan ya faɗi da baya.

"A'a! Madam, wa ya cinye cikin wanga bulo?"

Ya ajiye shi, ya ƙwanƙwasa da bakin cokali, ya karkata kunne. Haka maginan wurin ke gane bulo. Wanda ya sha siminti yakan yi ƙara siririya kamar an taɓa kwanon sha, wanda aka yi wa ha'inci da yashi sai ya yi shiru. Wannan ya ce dif, shi ke nan. Ya sake bugawa a wani gefen.

"Kurma ne. Bulon kirki in ka yi mai sallama sai ya amsa."

"Baba, shi ya sa muke son sa," in ji Amarachi. "In ya amsa, Saje zai kai wa labari."

"Ɗiyata, ni ban yi boko ba, amma na san abin da ba ya amsawa bai da ƙashi."

Ya ɗaga bulon zuwa kafaɗa ya sake shi a kan daɓe, wanda shi ne gwajinsu na biyu. Bulon yashi da ya tarwatse, na kirki da ya rabe biyu ko ya zauna daram. Wannan ya ɗan yi tsalle, ya mirgina, kusurwa ɗaya ta ɓantare. Malam Zainu ya daɗe yana kallonsa. Ya sa farce a wurin ɓantarewar, ya ɓanɓaro ƙwayar roba guda ba da wahala ba.

"Bai hwashe ba," ya ce. "Amma ban san mi ne ne shi ba."

Ya karɓi aikin don darajar marigayi. Kafin ranar farawa aka kira Amarachi sansanin bautar ƙasa a wata jiha mai nisa. A gaban uwarta ta sake jaddada masa zancen taƙi guda, ya ce ya ji.

Ya kuwa bar taƙin, daidai wa daida. A rana ta biyu, da bangon ya kai ƙugu, Ifeoma ta shigo da ruwan sha ta tarar da shi yana huda bangon Saje da kurfi, yana cusa guntayen rodi, ɗaya bakin yana kwantar da shi a tsakanin layin bulo.

"Malam, wannan fa?"

"Wanga shi ne hannun da za ya riƙe shi. Madam, dubi tsawonai, har kwano za ya kai. Dubi inda mata ka zama da goyo." Ya nuna bencin da cokali. "Ba ni ɗora bango marar ƙashi bisa ɗiyan mutane in bar shi tsaye shi kaɗai."

Ifeoma ta tuna maganar 'yarta, ta leƙa ratar ta ga tana nan, bulo bai taɓa bulo ba. 'Yan ƙarafan da ba su fi kaurin yatsa ba, ba ta ga abin da za su iya ɗauka ba. Kuma ta dubi bencin. Ta ce Allah ya yi albarka, ta ajiye masa ruwan.

Da yaɓe ya bushe aka tayar da inji. Ifeoma ta bar shi yana tafiya ta zaga gidan Saje. A tsakar gida sai ta tsaya, domin ta ji kukan kaji. Ba ta taɓa jin komai a gidan nan ba in injin na aiki. Ƙarar na nan, amma ta koma can nesa, kamar ta unguwar gaba. Keziah na tsaye bakin madafa tana murmushi.

Suka shiga ɗakin tare. A nan ma ƙarar ta ragu. Amma kofin silba da ke kan kantar ɗakin yana tafiya da kansa sannu-sannu zuwa baki, ƙarfen gadon yana rawa, kuma akwai wani bugu da ba kunne ke ji ba, tafin ƙafa ne da haƙora. Saje Dodo na zaune a ƙasa, ya jingina da ƙofa, hannayensa biyu a dafe da daɓe. Gumi ya jiƙa masa riga. Bai ɗaga murya ba.

"Maman Amara, kin yi ƙoƙari," ya ce. "A da harbi nake ji. Yanzu tankar yaƙi ce ke tahowa."

Ta koma da gudu ta kashe injin. Wannan rana mata suka kwashe kwanukansu suka nufi bakin kasuwa.

Washegari ta je wurin mai waya da ke zaune ƙarƙashin lema a bakin tasha, ta yi ta gwadawa har ta sami Amarachi. Ta faɗa mata abin da ya faru, da kofin, da gadon.

"Mama, me ya haɗa bangon biyu?"

"Ba komai. Ratar na nan, na gani da idona. Sai 'yan rodi da ya sa don ya riƙe."

Amarachi ta ce bangon da injin a kan daɓe ɗaya suke, don haka duk bugun da injin ya yi, bangon na sha. Da an bar shi, da ya shanye. Yanzu ƙarfen na karɓa yana miƙa wa bangon Saje kai tsaye, abin da a da ma babu. Sai an yanke su.

"In an yanke, zai tsaya?"

"Ya kamata."

"Amara, ba zancen kamata nake ba. Zai tsaya?"

"Mama, a makaranta bulo ɗaya-ɗaya muka riƙa sawa a inji muna matsewa har ya fashe. Na san nauyin da guda ɗaya ke ɗauka. Ba mu taɓa gina bango ba."

Ifeoma ta miƙa wa mai wayar kayansa. A hanyar komawa ta lura hadari ya fara haɗuwa can gabas da yamma-yamma, irin wanda ke tsayawa ya watse.

Malam Zainu ya ƙi. Ya zo rumfar ya saurara har ta gama, sannan ya kama hannun rigarsa ya nuna mata gabas. Rumfar a buɗe take ta nan, don ƙurar gari da hayaƙi su fita. Iskar farkon damina kuwa ta nan take zuwa, ita ce ke kwashe kwanon mutane duk shekara. Za ta shigo ta daki bangon a ƙirji.

"To a yi masa ginshiƙi ta gefena," in ji Ifeoma.

"Ina? Ga bel nan na gudu tun daga nan har can. Ginshiƙi biyu za ki samu, ɗaya kowane ƙarshe. Tsakiyar hwa? Tsakiyar ita da Allah."

"In bai faɗi ba fa?"

"In bai hwaɗi ba, ɗiyarki ce mai ilimi. In ya hwaɗi, Zainu ne ya gina." Ya mayar da cokalinsa aljihu. "Ki bar ƙarfen, ki tashi injin daga nan. Ko ki bar ƙarfen, Saje ya sake ɗaki."

Ta riga ta san Saje ba shi da wani ɗakin. Ɗayan Keziah ce da jikoki a ciki, kuma shi ma a jikin wannan bangon yake. Ta tsaya tana kallon gindin injin, inda har yanzu ake ganin shatin ƙafar kazar da ta taka kankaren tun yana ɗanye, ranar da aka zuba shi. Ta ga cewa kowannensu gaskiya ya faɗa mata, 'yar da maginin, kuma kowa iyakar abin da ya sani ya faɗa. Abin da ya rage babu wanda ya san shi, kuma nata ne.

Ta kama bakin bencin ta ja shi, yana ƙara a kan daɓe, har ta fitar da shi waje ƙarƙashin dogon yaro. Ta dawo ta kwashe kwanukan awo da tsintsiya da tulun ruwa, duk abin da zai sa wani ya matso kusa da bangon. Ta ɗauko igiya ta ɗaura daga wannan turken rumfa zuwa wancan.

"Daga yau a bakin igiya za su miƙo kwano," ta ce. "Babu mace, babu yaro a ciki."

Malam Zainu ya dubi igiyar, ya dubi injin. Wurin tsayuwar mai zuba hatsi yana tsakanin injin da bangon, kuma ba a iya juya shi.

"Ke hwa, Madam?"

"Ni ce mai injin."

Malam Zainu ya aika aka kawo masa zarton ƙarfe. Ba a iya kaiwa ga rodin ta cikin ratar, don haka ya riƙa cire bulo ɗaya a daidai kowanne, ya zura hannu ya yanke, ya mayar da bulon ya liƙe. Ya san inda kowanne yake ba tare da ya nema ba. Ya zuba ginshiƙai biyun da kankare na gaske, ya ƙi yarda a tayar da inji sai da suka yi ƙwari.

Ranar da aka tayar, kofin bai motsa ba. Aka kira mai unguwa, ya zo ya ji da hannunsa, ya yanke hukuncinsa. Mata suka dawo, suna ta ƙorafin igiyar da zaman rana, wasu na cewa Maman Amara ta zama banki, sai ta taga ake ganinta.

Bayan 'yan kwanaki Saje Dodo ya zago rumfar da kansa, karo na farko tun dawowarsa, injin kuma na aiki. Ya tsaya a bakin igiya har ta gama kwanon da ke hannunta ta kashe. Ya ce yanzu yana baccin rana. Sannan ya ɗaga kai ya bi bangon da kallo daga ƙasa har kwano, ya juya ya dubi gabas, ya dubi inda take tsaye. Malam Zainu ya riga ya gaya masa komai a wurin mai shayi.

"Da kin tambaye ni, da na ce a bar ƙarfen."

"Shi ya sa ban tambaye ka ba, Saje."

Ya gyaɗa kai, ya ce ta gaida yara, ya tafi.

A makon farko na Mayu aka yi ruwa a garin Mahuta da ke kusa. Ranar kasuwa matan garin Kanya suka zo da labarin cewa iskar da ta riga ruwan nasu ta kwashe rufin gidaje da dama, har da na wani ɗakin ajiyar hatsi da aka gina bara. A Zuru hadari ya haɗu sau biyu ya watse. Ruwa bai sauka ba tukuna.